Tsufa a Gidajen Kankiya da Kusada: Daga Ɗaki Zuwa Makewayi

A Kankiya da Kusada, tsoho a gidansa yake tsufa. Kai mahaifi gidan gajiyayyu abin gori ne da zai bi mutum har jikokinsa. Saboda haka aikin da ma'aikatan jinya ke yi a gidajen kula da tsofaffi na Ingila da Amurka, a nan matan 'ya'ya da jikoki ke yin sa, ba horo ba albashi. Abin alfahari ne. Sai dai gidan an gina shi ne don mai ƙarfin gwiwa, kuma a cikinsa dattijo ke ci gaba da zama bayan ƙarfin ya tafi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce faɗuwa tana kashe kimanin mutum 684,000 a shekara, fiye da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne suka fi mutuwa. Ko a gidajen kula da tsofaffi, inda akwai ma'aikata dare da rana, kashi 30 zuwa 50 na mazauna suna faɗuwa duk shekara. To ina ga gidan da ko fitila babu a tsakar gida?

Tafiya mafi haɗari ita ce ta asuba. Makewayi yana can ƙuryar gida. Tsohuwa ta fito cikin duhu, buta a hannu ɗaya, sanda a ɗayan, ta tsallake dokin ƙofa, ta ratsa turmi da igiyar awaki da aka bari tun daren jiya. Da damina, musamman a watan Agusta, gansakuka ta kama daɓen wurin wanka, ga ragowar ruwan sabulu, ga silifa da ƙasansa ya siɗe. Ta tsuguna, ta zo miƙewa, babu abin dafawa sai katangar laka. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne gidajen da 'ya'ya suka samu buɗi a Kano ko Abuja, suka dawo suka shimfiɗa wa iyaye tayil mai ƙyalli har banɗaki. Niyyar kyakkyawa ce, amma jiƙaƙƙen tayil ya fi daɓen ƙasa kayar da mutum.

Jiki ma yana da nasa. Yanar ido tana ɓoye tudu da rami. Ciwon suga yana kashe jin tafin ƙafa. Maganin hawan jini kan kawo jiri idan an miƙe da sauri, wani kuma yana ƙara fitsari, sai fitar dare ta yawaita. A ƙara da maganin mura mai sa barci da aka sayo a kemis ba tare da likita ya sani ba. Mata sun fi karyewa, domin ƙashinsu yana rage ƙwari bayan ɗaukewar al'ada.

Idan an faɗi, sai a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, a kira mai ɗori. Amma karayar ƙugu ba ta ɗori ba ce. Aiki take so, kuma da wuri: a fara da Babban Asibitin Kankiya, in ta kama a wuce Katsina ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Wanda aka bari kwance watanni, gyambon kwanciya da ciwon huhu ne ke ƙarasa shi. Wanda kuma bai karye ba, tsoro ke kama shi, iyali su ce, "Baba, ka yi zamanka, a kawo maka komai." Zaman nan shi ke ƙara kashe ƙafa, faɗuwa ta biyu ta matso kusa.

Kankiya tana da makarantar koyon aikin lafiya. Ɗalibanta za su iya shiga gida-gida su auna hawan jini su duba ido. Mu kuma 'ya'ya, kada mu jira su. A kafa ƙarfen dafawa a makewayi, a samo kujera mai rami, a kankare gansakuka, a ajiye tocila a gefen gado. Duk wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa suka taɓa faɗuwa, ko da ba a ji ciwo ba, ya kai su asibiti tare da duk magungunan da suke sha.