Ko Kun Sani?

Littafi Mai Tsarki na mabiya ɗarikar Katolika a Tudun Wada da Doguwa, waɗanda ke ƙarƙashin Dayosis ɗin Kano, wato yankin bishop da aka kafa a 1999, ya ƙunshi littattafai 73, alhali na Furotesta 66 ne. Ƙarin bakwai ɗin, ciki har da Tobit da Makabi biyu, sun zo ne ta Saftuwajinta, tsohuwar fassarar Girkanci da Yahudawan Iskandariya suka fara tun kafin haihuwar Almasihu, kuma taron manyan limamai na Tarent ya tabbatar da su a 1546. Cikakkiyar fassarar Hausa ta farko, ta 1932, aikin 'yan mishan ɗin Furotesta ce, shi ya sa babu su a cikinta.