Darasi a Gida, Aiki a Aji

A watan Satumba 2021 aka sace ɗalibai a makarantar sakandaren Kaya, ƙaramar hukumar Maradun. Gwamnatin Zamfara ta rufe makarantu, aka katse layukan waya, karatu ya tsaya cik.

Akwai dabarar da wasu malamai biyu suka soma a Kolorado, Amurka, a 2007. Malami yakan ɗauki darasinsa a bidiyo, yaro ya kalla a gida, in ya zo aji sai a yi aikin tare. Ko an rufe makaranta, darasin yana hannunsa. Ba sai da intanet ba, katin memori ya isa. Abin da ke damunmu shi ne caji, da wayar gida guda ɗaya wadda maigida kan tafi kasuwa da ita.