MRI da Jijiyoyin Zuciya: Kafin a Kama Hanya Daga Kafanchan

Ba kowane zafin ƙirji ne olsa ba. Manomin da ya ɗauki buhun citta ya ji ƙirjinsa ya ɗaure, ya zauna ya huta abin ya sake shi, likita zai fara zargin jijiyoyin da ke shayar da zuciyarsa jini. Kitse ne ke taruwa a bangonsu sannu a hankali har hanyar ta tsuke. Hawan jini da ciwon suga da taba sigari suna ƙara ingiza lamarin.

Faɗin manyan jijiyoyin nan milimita 3 zuwa 4 ne kawai, ga zuciya ba ta tsayawa a ɗauki hotonta. Don haka wajen kallon jijiyar kanta, na'urar CT ta fi MRI. Ita MRI, mai aiki da maganaɗisu, dabarar mai noman rani take bi: maimakon tone bututu, sai a duba wane ɓangaren gona ne ruwa bai kai ba. Ana ɗura wa majinyaci maganin adinosin, jijiyoyi masu lafiya su buɗe, sannan a bi da sinadarin gadoliniyam mai haska jini. Naman zuciyar da jijiyarsa ta tsuke sai ya fito da duhu. Har tabon tsohon bugun zuciya takan nuna.

A binciken CE-MARC da aka yi a Leeds ta Ingila kan mutum 752, wanda ya fito a 2012, MRI ta gano kusan kashi 87 cikin 100 na masu cutar.

Masu cin goro su lura: shi da shayi da kofi suna kashe aikin adinosin, dole a haƙura da su tun jajibirin gwajin. Mai asma, da mai ciwon ƙoda, da mai ƙarfe a jiki, su gaya wa likita tun farko.

A 2025 Gwamnatin Tarayya ta mayar da Asibitin Patrick Yakowa na Kafanchan Cibiyar Lafiya ta Tarayya. Ci gaba ne, amma MRI tana son lantarki marar yankewa da ƙwararrun masu karanta hoton. Kuma ba kowace na'ura ce aka shirya don hoton zuciya ba. Wanda aka tura Jos ko Kaduna ko Shika, ya fara buga waya ya tambaya kafin ya biya kuɗin mota.