Shawara da Jama'a a Kan Dashen Itatuwa a Kwarin Majiya

Kwarin Majiya, da ya ratsa ƙasar Buza a jihar Tawa, yana cikin wuraren da aka fi sani a Nijar wajen dashen itatuwan kare iska. A shekarar 1975 ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji suka fara dasa dogon yaro a kwarin, layi biyu-biyu, da tazarar kamar mita 100 tsakanin jeri da jeri, domin iskar rani ta daina kwashe ƙasar gona.

Dashen bai zama abin gardama ba sai da itatuwan suka girma. Suna tsaye ne a cikin gonakin mutane, amma dokar daji ta lokacin ta sa su ƙarƙashin ikon hukuma, mai gona ba ya sara sai da izini. Makiyaya da mata masu awaki su ma sun ji a jikinsu, domin an sa masu gadi suna korar dabbobi daga wurin. Wa zai yi sassabe? Wa zai ci kuɗin itacen? Sai da aka zauna da hakimai da manoma, aka kafa kwamitocin ƙauyuka masu kula da sara da rabo, wanda da tun farko ya kamata a yi.