Na Ga Rana A Cikin Shagon Da Ban Gina Ba Tukuna

Shekara goma sha ɗaya ke nan da na tafka wautar da har yau in na tuna sai na girgiza kai. Na dawo daga saro kaya a Dubai, idona ya cika da shagunan gilashi, na ce wallahi nawa ma a Garwa haka zai zama. Na sa aka rushe gaban shagon atamfata aka kafa gilashi daga ƙasa har sama. Shagon kuwa yamma yake kallo. Maginin ya ce, "Alhaji, rana fa." Na ce masa ya yi aikin da aka sa shi.

Kafin a shekara, duk turmin da ke layin gaba ya koɗe ta bakin ninki. Mai sayar da atamfa ya san wannan ciwon: ka warware turmi a gaban mai saye, sai ga layi fari-fari ya ratsa shi. Daga ƙarfe uku zuwa la'asar sakaliya kuwa shagon tanderu ne, don zafin Garwa a watan Maris da Afrilu yakan haura 40. Ƙarshe da kwali da tsohon labule na rufe gilashin da na zuba wa kuɗi, na koma kunna ƙwan lantarki da rana tsaka. Shi ma ƙwan bai bar ni ba. Wata Hajiya ta ɗauki shadda ta ankon biki a matsayin shuɗiya, da ta isa gida ta ga ta fi kama da ruwan toka. Washegari ta dawo mini da ita, an riga an yanka.

Bara da na tashi gina shago na biyu, ɗan ƙanena da ke karatun gini a Marwa ya zo hutu. Ya ce, "Baffa, kafin a ɗora bulo ɗaya, bari mu ga yadda rana za ta shiga." Na ɗauka hoton nan zai nuna mini irin na masu zanen gida, wanda komai ke sheƙi har da motar da ba ka saya ba. Ashe wani abu ne daban.

Akwai manhajojin kwamfuta da aikinsu shi ne lissafin haske yadda yake a zahiri. Ɗaya daga cikin tsofaffinsu ita ce Radiance, wadda wani masani mai suna Greg Ward ya fara rubutawa a 1985 a ɗakin bincike na Lawrence Berkeley da ke Kalifoniya ta Amurka, kuma kyauta ake samunta. Akwai DIALux ta wani kamfanin Jamus, ita ma kyauta, wadda masu tsara fitilu suka fi amfani da ita. Yaron ya zana shagon da awonsa, ya sa ƙofa da tagogi, ya gaya wa kwamfutar launin bango da na daɓe, ya sa mata inda Garwa take a doron ƙasa da kwanan wata da sa'a. Radiance sai ta ɗauki kowane wuri a cikin ɗakin ta bi sawun haske da baya, kamar mai bin sawun ɓarawo: daga kan kanta zuwa bango, daga bango zuwa silin, daga silin zuwa taga, har ta kai ga rana ko sararin sama. Duk inda hasken ya bugi abu, tana rage abin da abin ya shanye. Farin fenti yakan mayar da kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari, bangon siminti tsirara kuwa ko rabi ba ya mayarwa.

Amsar da lamba take fitowa, a ma'aunin da ake kira luks. Tsakar rana a fili takan kai luks 100,000. Farin wata, ko daren sha huɗu ne, bai kai luks ɗaya ba. Ƙa'idar Turai ta ce wurin sayar da kaya ya sami 300, teburin rubutu 500, wurin tantance launi kuma 1,000. Da muka gwada tsohon shagona a kwamfutar, ƙarfe huɗu na yamma a watan Maris, bakin gilashin ya fito jawur da dubbai, lungun baya inda nake ajiye leshi kuwa ko 100 bai kai ba. Abin da na sha wahalarsa shekara goma, ta nuna shi kafin shayi ya huce.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne tafiyar rana. Na haura hamsin ina kallonta, ban taɓa lura ba. Garwa tana kusan daraja 9 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka sau biyu a shekara rana ke tsayawa daidai tsakar ka, wajen tsakiyar Afrilu da ƙarshen Agusta. Tsakanin waɗannan biyun ta ɗan karkata arewa, sauran watanni tana kudu. Amma da azahar kullum a sama take, shi ya sa rumfa mai faɗin mita ɗaya a bangon kudu ke iya yin inuwar kusan mita ɗaya da rabi ko a watan Disamba. Gabas da yamma ne masifar. Da hantsi da la'asar a kwance rana ke shigowa, ta wuce ƙarƙashin kowace rumfa ta faɗa kan kaya.

Da muka gama juye-juye, abin da kwamfutar ta fi yarda da shi shi ne ƙofa ta kalli arewa, tagogi ƙanana a can sama kusa da rufi, silin fari, bangon yamma a rufe ruf. Na yi dariya na ce, to ai zauren kakanmu ke nan a Kano. Haka ma ɗakunan laka na Musgum a Pus, can wajen kogin Logon, masu tsini kamar an kife tulu, ƙaramar kafa ce a ƙololuwarsu, hayaƙi ya fita, ɗan haske ya shigo. Bambancin dai su ba atamfa suke sayarwa ba. Ni ina buƙatar haske ya ishi mai zaɓen launi, kuma a nan ne lissafin ya yi mini rana, don ya nuna tagogi nawa za su isa ba tare da an wuce gona da iri ba.

Wani zai ce a cika shago da fitilu mana a huta. Mu da ke arewacin Kamaru mun san amsar. Wutarmu mafi yawa daga madatsar Lagdo take, wadda aka gama a 1982 mai ƙarfin megawat 72, kuma in ruwan Binuwai ya ja baya, ita ma sai ta ja. An ƙara tashoshin hasken rana a Marwa da Gider, an sami sauƙi, amma shagon da ba ya gani sai da lantarki kullum hannunsa na kan igiyar janareta.

Da dare dole sai fitila, kuma a nan DIALux ta fi sauƙin sha'ani. Duk wanda ya shiga filin Rumde Ajiya lokacin gasar Afirka a Janairun 2022, da Najeriya ta buga wasanninta a nan Garwa, ya ga yadda ciyawar ta haskaka bai ɗaya ba lungun duhu. Irin wannan ba da ka ake yinsa ba, kowace fitila sai an lissafa inda za ta kalla. Manyan kamfanonin fitila suna ba da fayil na kowane ƙwai da ke nuna yawan haskensa da yadda yake bazuwa, shi ake zuba wa manhajar.

Nan fa muka yi karo da gaskiyar kasuwarmu. Ƙwan da ake sayarwa a tire ba shi da fayil, kuma abin da aka rubuta a kwalinsa sau da yawa ya fi abin da ke ciki. Ka ba kwamfuta ƙarya, ta mayar maka da ita cikin hoto mai kyau. Hazon hunturu ma haka: daga Disamba zuwa Fabrairu sama takan yi fari, haske ya bazu ta ko'ina, ƙura ta kwanta a gilashi, kuma in yaro ya bar manhajar a kan gajimaren Turai da ta zo da shi, lissafin ba namu ba ne. Zafi kuma wani lissafi ne daban, kada a ce maka an haɗa.

Ga 'yan'uwana masu yadi, ku duba kwalin ƙwai kafin ku biya. Lambar da ke da K a gefe launin hasken ce: 3000 ja-ja ne, 6500 fari mai shuɗi-shuɗi. Wadda aka rubuta Ra ko CRI ita ce ke nuna gaskiyar launin kaya. 80 ta ishi ɗakin kwana, shagon shadda kuwa a nemi 90 ko sama. Ya fi tsada, amma bai kai yadi biyar na shaddar Hajiya ba.

An buɗe sabon shagon kafin azumi. Maginin nan dai na dā na kira, yanzu furfura ta cika masa gemu. Da na miƙa masa takardar, ya juya ta sama ya juya ƙasa, ya nuna bangon yamma da ɗan yatsa ya ce, "Alhaji, ba gilashi a nan?" Na ce babu. Bai ce komai ba, ya ɗauki igiyar awonsa. Har yanzu mata sukan ɗauki turmi su nufi bakin ƙofa don su ga launi, sabo ne, amma da yawa sukan tsaya a tsakiyar shago su ce a yanka.