Shawarar Da Ba Ta Fito Ba: Ciwon Hanta Da Ƙanjamau

Idan idon mutum ya yi ruwan ɗorawa, fitsarinsa ya koma kamar baƙin shayi, nan take sai a ce shawara ce. Sau da yawa abin da ke ƙarƙashinta shi ne sabon kamun ciwon hanta, wanda ƙwayoyin bairos iri biyar ke haddasawa, wato A, B, C, D da E. Kafin idon ya sauya, maras lafiya kan yi kwanaki yana fama da zazzaɓi da kasala da tashin zuciya da ƙin abinci, har akan ɗauka maleriya ce.

Abin lura shi ne, bairos na B ba shi ne ke ɓarnata hanta kai tsaye ba. Garkuwar jiki ce ke far wa ƙwayoyin hantar da ya shiga, ta hallaka su. Ashe ke nan shawara shaida ce ta cewa jiki yana yaƙi. Shi ya sa fiye da kashi 90 cikin ɗari na manya masu lafiyayyar garkuwa sukan kori cutar cikin wata shida.

Ga mai ɗauke da ƙwayar HIV, wadda ke cinye fararen ƙwayoyin jini na CD4, labarin kan sha bamban. Ciwon na iya zuwa masa salin-alin, ba shawara, awon jinin hanta ma bai hau sosai ba. Wannan shirun yaudara ne: kusan mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar, cutar kan zauna masa daram, kuma hantarsa kan fi saurin ƙanƙancewa. Haka nan bairos na C, wanda aka gano a 1989, ba kasafai jikin mai HIV ke korar sa da kansa ba. Sinadarin kariya da ake nema a gwaji kan jinkirta fitowa, don haka likitoci suka fi amincewa da neman bairos ɗin kansa a cikin jini. Shi kuwa na A, alamominsa kusan ɗaya ne ga kowa, sai dai yakan fi daɗewa a jinin mai HIV.

Akwai wani tarko kuma. Magungunan tenofovir da lamivudine suna danne HIV da bairos na B a lokaci guda. Mai ɗauke da cututtukan biyu, in ya yanke shan magani, bairos na B kan yunƙuro da ƙarfi, shawara ta fito kamar sabon kamu, wani lokaci har hanta ta gaza aiki.