Ƙazuwa, Makero da Kyasbi: Yadda Likitan Fata Ke Rarrabe Su

Fata ita ce gaɓa mafi faɗi a jikin ɗan Adam. Da za a shimfiɗa ta babban mutum, za ta kusa cin murabba'in mita 2. Ita ke tare ƙwayoyin cuta, ita ke riƙe ruwan jiki, kuma ta cikinta zufa ke fita ta sanyaya mutum. Cututtukan da ke kama ta sun haura dubu, amma hanyoyin da take nuna ciwo 'yan kaɗan ne: ƙaiƙayi, ƙuraje, saɓa, canjin launi, ko gyambo. Shi ya sa cututtuka masu asali daban-daban kan yi kama da juna, har mai su ya ɗauka duk kanwar ja ce, ya nufi kemis ya ce a ba shi maganin ƙaiƙayi. Babban aikin likitan fata shi ne rarrabewa, domin man da zai warkar da wata cutar shi ne zai rura wata.

Binciken kan fara ne da tambaya. Yaushe abin ya soma, kuma a ina? Ya fi ƙaiƙayi da dare ko da rana? Akwai wani mai susa a gidan? Mece ce sana'ar mara lafiya? Sai tambayar da mutane ba su cika son amsawa ba: me aka riga aka shafa? Likita kan so a zo masa da kwalin man ko kwalbarsa, don ya karanta abin da ke ciki. Daga nan sai ya duba jiki a wuri mai haske, har da tsakanin yatsu, farce, fatar kai da tafin ƙafa. A baƙar fata kumburi ba ya yin ja kamar yadda hotunan littattafan Turai ke nunawa. Yakan yi duhu ne ko ya yi toka-toka, wanda bai saba ba kuwa sai ya raina ciwon.

Ƙazuwa tana cikin waɗanda tambaya kaɗai kan kusa tona musu asiri. Wani ɗan ƙwaro ne da ido bai cika gani ba ke kawo ta. Macen takan haƙa rami a saman fata, ta riƙa zuba ƙwai 2 zuwa 3 kullum. Wanda ya kamu karon farko kan yi mako 4 zuwa 6 bai ji komai ba, alhali yana rarraba ta. Idan ƙaiƙayin ya tashi yakan tsananta da dare, ƙurajen su taru a tsakanin yatsu, wuyan hannu, ƙugu, hammata da al'aura. Tana son cunkoso: tsangaya, makarantar kwana, gidan yari, sansanin 'yan gudun hijira, duk inda ake haɗa tabarma da mayafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a kowane lokaci aƙalla mutum miliyan 200 na ɗauke da ita, kuma a 2017 ta sa ta cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa riƙon sakainar kashi.

Maganinta ba shi da tsada. Akwai man permethrin, da ruwan benzyl benzoate, da man farar wuta, sai kuma ƙwayar ivermectin wadda ba a ba mai ciki ko yaron da bai kai kilo 15 ba. Inda ake faɗuwa shi ne wajen shafawa. Ana shafe jiki ne gaba ɗaya daga wuya zuwa tafin ƙafa, ba kan ƙurajen kaɗai ba, a kwana da shi, a maimaita bayan mako guda. Duk 'yan gida kuma rana ɗaya za su yi, har waɗanda ba su fara susa ba, in ba haka ba an yi aikin baban giwa. Tufafi da zanen gado a wanke su da ruwan zafi, wanda ba ya wankuwa a ƙulle shi a leda na kwanaki. Ƙaiƙayin kan ci gaba har mako 2 zuwa 4 bayan ƙwaron ya mutu, wannan ba alamar magani bai ci ba ne. Susa kuwa kan buɗe ƙofa ga bakteriya, ƙurajen su yi mugunya, wani lokaci abin ya kai ga taɓa ƙodar yaro.

Makero da kyasbi 'yan gida ɗaya ne, wato fangas, dangin funfunar da ke fitowa a kan tsohon burodi. Makero a jiki zobe yake yi, gefensa a tashe yana saɓa, tsakiyarsa ta lafa. A kan yara kuwa yakan cinye gashi ya bar fili mai fari-fari, kuma askar wanzami da injin aski da mataji na yaɗa shi. Idan likita na shakka, sai ya sa dakusasshiyar aska ya ɗan kankare gefen zoben, ba tsakiya ba, domin a gefen ne fangas ɗin ke raye. Ɓarɓashin sai a zuba shi a kan ɗan gilashi, a ɗiga masa sinadarin KOH wanda ke narkar da ƙwayoyin fata, a jira 'yan mintuna, a leƙa ta madubin ƙara girma. In fangas ne, za a ga zare-zarensa masu rassa kwance a fili. Akwai kuma fitilar Wood, wadda ake haskawa a ɗaki mai duhu, wasu nau'o'in su yi ƙyallin kore ko ruwan ɗorawa.

Makeron jiki na jin man clotrimazole ko terbinafine. Na kai ba ya ji, saboda cutar tana can cikin tushen gashi inda mai ba ya isa. Sai an sha magani, galibi griseofulvin na mako 6 zuwa 8. Kyasbi shi da sauƙi. Fangas ɗin da ke kawo shi yana zaune a fatar kowa, zafi da zufa ne kawai ke sa ya yi yawa a ƙirji da baya. Sabulun ruwa mai ketoconazole ko selenium sulfide na kashe shi, amma launin fata kan ɗauki watanni bai daidaita ba, kuma yakan dawo da bazara.

A nan ne man nan mai haɗi uku, wanda ake sayarwa a kemis ba tare da takardar likita ba, ke yin ɓarnarsa. A cikinsa akwai sitiroyid mai ƙarfi, irin su betamethasone ko clobetasol. Kwana biyu da shafawa ƙaiƙayi ya kwanta, mai shi ya ce an dace. A ƙarƙashi kuwa an danne garkuwar fata, fangas na ta bazuwa, zoben ya ɓace, ya koma wani abin da ko likita sai ya yi da gaske kafin ya gane shi. Irin wannan sitiroyid ɗin ne, tare da hydroquinone da wani lokaci sinadarin makuri, ke cikin mayukan bilicin da hukumar NAFDAC ta daɗe tana gargaɗi a kansu. Ƙarshensu fata ta yi siriri, ta tsattsage, ƙuraje su feso, kumatu su yi wani baƙi mai wuyar fita.

Laifin ba na sitiroyid ba ne, na wurin da aka sa shi ne. A kirci na gado, wanda likitoci ke kira eczema, shi ne maganin. Wannan ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Fata ce da ba ta iya riƙe danshi, kuma sau da yawa akwai mai asma a dangi. Yakan kama lanƙwasar gwiwar hannu da bayan gwiwa, ya tsananta da hunturu. Likita kan zaɓi sitiroyid daidai ƙarfin wurin, mai sauƙi ga fuska, na ɗan lokaci kuma, sannan a dage da man kaɗe ko basilin da zarar an fito wanka. Wani kircin kuma taɓa wani abu ke tayar da shi: ƙarfen ɗan kunne, siminti a hannun magini, ko baƙin lalle da ake haɗawa da dayis a yi wa amare. Don gano mai laifi, ana manna ƙananan sinadarai a bayan mutum na awa 48, a cire a duba, a sake dubawa bayan kwana ɗaya ko biyu.

Ƙurajen fuska na samartaka suna fitowa ne idan maiƙo da mataccen ɓawon fata suka toshe ƙofar gashi. Ana fara da benzoyl peroxide ko adapalene, in sun yi yawa a ƙara da doxycycline, kuma sai an yi mako 6 zuwa 8 kafin a ga canji. Isotretinoin na masu tsanani ne, kuma haramun ne ga mai ciki domin yana nakasa jariri. Matsa su da yatsa shi ke barin baƙin tabon da ya fi ƙurajen daɗewa.

Farin tabo a jiki shi ya fi tayar da hankali, saboda tsoron kuturta. Gwajin farko ɗan auduga ne: mara lafiya ya rufe ido, a taɓa tabon, a ce ya nuna inda aka taɓa. Tabon kuturta kan rasa ji. Albaras kuwa fari fat yake yi amma jinsa na nan, garkuwar jiki ce ke kashe ƙwayoyin da ke yin launi, kuma ba a ɗaukarsa ta cin abinci ko musabaha. Kuturta tana warkewa da haɗin rifampicin, dapsone da clofazimine na wata 6 ko 12, kyauta ake bayarwa tun 1995, kuma wanda ya zo da wuri ba ya rasa yatsa.

Idan ido da madubi sun kasa, sai a kashe wurin da allura a yanki ɗan tsokar fata da bai fi ƙwayar dawa ba, a kai ɗakin gwaji. Haka ake yi wa gyambon da ya ƙi warkewa, musamman a jikin zabiya, wanda rana ke jawo masa kansar fata, da kuma baƙin tabon da ke girma a tafin ƙafa ko ƙarƙashin farce, inda kansar melanoma ta fi fitowa ga baƙar fata. Likita kan kuma sa a auna jini idan maruru ya yawaita ko fangas ya ƙi tafiya, domin ciwon sukari da ƙanjamau kan fara bayyana a fata. Akwai yanayin da ba a jiran ranar ganin likitan fata: idan mutum ya fara sabon magani, musamman masu sinadarin sulfa ko wasu na farfaɗiya, sai zazzaɓi ya rufe shi, baki da idanu suka yi gyambo, fata ta fara salewa kamar ƙuna, a dakatar da maganin a kai shi sashen gaggawa a ranar.